Hoto da Ainihin Launi a Cinikin Hawainiya da Danginta

Mai sayen hawainiya ko mesa ta Facebook yakan dogara da hoto, sai dabbar ta iso ya tarar launinta ya bambanta. Wannan ba lallai ya zama algus ba. Jangwadan da ke katangun Kudenda ya isa misali: da sanyin safiya yakan yi duhu, in ya sha rana kansa ya yi ja, jikinsa shuɗi. Maciji ma kan dushe gab da saɓa. A 2015, masanan Jami'ar Geneva sun nuna hawainiya na sauya launi ta hanyar canza tazarar ƙwayoyin fatarta masu mayar da haske. Don haka hoto shaidar lokaci guda ce kawai. Ya kamata mai saye ya nemi bidiyo cikin hasken rana kafin biya.