Agadas, babban zangon arewa

Matafiyin da ya fito daga Tawa ko Damagaram ya nufi arewa, abin da zai fara hangowa kafin ya shiga Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, kuma da laka aka gina ta. An kafa masallacin wajen shekara ta 1515, aka sake ginin hasumiyar a 1844. A zamanin ayari, in madugu ya hango ta ya san ya kawo mutanensa zango lafiya.

Agadas ƙaramin gari ne in an gwada shi da Yamai ko Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 110 a cikinsa. Amma shi ne hedikwatar jahar da faɗinta ya zarce rabin ƙasar Nijar. Mutumin Arlit da na Ingal da na Iferwan da na Bilma, in buƙata ta fi ƙarfin garinsa, Agadas yake dosa: babbar likita, ofisoshin gwamnati, kasuwar dabbobi, tashar mota, da jami'ar da aka kafa a 2014.

Tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin ya zauna a garin, domin nan ne hanyoyin fatake suka haɗu, daga Kano da Katsina zuwa Gat da Tarabulus. Wannan cuɗanya ce ta sa Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa, ko da yake ƙasar ta Buzaye ce. Bature Heinrich Barth ya sauka garin a 1850, har yau ana nuna gidan da ya zauna. A ƙarshen 1916 Kawsan ya kewaye barikin Faransawa, sai a watan Maris na 1917 aka karya shi, gari ya kusa zama kango. Duk da haka ya farfaɗo.

Ayarin gishiri bai mutu ba, ko da yake manyan motoci sun rage masa ƙarfi. Bayan damina raƙuma na ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma da hatsi, su komo da kantun gishiri da dabino, waɗanda ake kaiwa kasuwannin kudu. Daga duwatsun Abzin kuwa, masu garka na Tabelot da Timiya da Bagazan suna sauko da albasa da dankalin turawa da tafarnuwa da lemu. A Agadas ake loda su zuwa kudu, har ƙasashen bakin teku.

Ma'adinai sun ƙara wa garin nauyi. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, a Akuta kuma a 1978. Dalilinsa ne aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit, aka kuma buɗe haƙar gawayin Anu Araren da ke ba da wutar lantarki. A 2014 aka gano zinariya a Jado, samari suka yi ta kwarara, kuma a Agadas suke sayen guzuri da kayan aiki.

Sai baƙi masu yawon buɗe ido. A shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar ya sha ratsa garin, Turawa na zuwa kallon Tenere. Maƙeran azurfa, da dukawa, da ƴan jagora, da masu masauki duk suka samu. Bikin Bianu na watan cika-ciki da taron makiyaya na Ingal suna tara jama'a daga nesa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, mai unguwa 11, cikin kayan tarihin duniya.

To amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori masu yawon buɗe ido. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da ƙona makamai da aka yi a Agadas a Satumba 2000, sun fara komowa, sai tawayen 2007 zuwa 2009 ya sake tsayar da su. Direbobi da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya. Dokar 2015 ta hana wannan sana'a, aka kama motoci, gidaje da dama suka rasa abin sawa a tukunya. An soke dokar a Nuwamba 2023. Ma'adinin Akuta kuwa an rufe shi a 2021. Cikin shekara talatin, sana'o'in da suka dogara ga mai wucewa sun tashi sun faɗi, kuma kowane karo talakan gari ne ya ɗauki asarar.

Saboda haka ya kamata hukuma da jama'a su dubi abin da ba ya tafiya da baƙo. Na farko hanya: in kwaltar Tawa ta lalace, albasar Tabelot na ruɓewa kafin ta kai kasuwa, kuɗin hatsi kuma ya hau a Agadas. Na biyu ruwa: garin na neman ruwan sha da rani, alhali ambaliyar Satumba 2009 ta rusa gidaje masu yawa. Na uku ginin laka, wanda ke son yaɓe a kai a kai. In matasa ba su koyi aikin magina ba, siminti zai cinye tsohon gari.

Masu karatu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, kada a ɗauka zancen nan na mutanen arewa ne kaɗai. Gishirin da dabbobinku ke lasa daga can yake fitowa, hatsin da kuke nomawa can ake kai shi. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.