Yadda Maharban Amurka Ke Neman Barewa a Farkon Kaka

A Amurka ba a ɗaukar baka a shiga daji duk ranar da aka ga dama. Kowace jiha ita ke yanka wa maharba lokaci, ta sayar musu da lasisi, ta kuma faɗi yawan dabbar da mutum zai ɗauka. A Kentaki ana buɗe farautar kwari da baka ran Asabar ta farko a watan Satumba, a wasu sassan Karolina ta Kudu kuwa tun 15 ga Agusta ake fara harbi. Wadda aka fi nema ita ce barewa mai farar wutsiya. Wajen shekarar 1900 yawan harbi ya kusa ƙarar da ita, sai da ta rage kamar 500,000. Dokokin nan ne suka farfaɗo da ita, yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30.

Makonnin farko suna da nasu hali. Mazan barewa suna yawo rukuni-rukuni, ƙahonsu bai daɗe da zubar da laushin fatar da ta lulluɓe shi ba, barbara kuma sai wajen Nuwamba a jihohin arewa. Saboda haka ciki ne kaɗai ke juya su: da rana suna kwance a duhuwa, da la'asar sakaliya su miƙe zuwa kiwo, kusan ta hanya ɗaya kullum. Wanda ya gano makwancin da wurin kiwon ya ci rabin aikin.

Leƙen farko daga nesa ake yinsa, tun cikin Agusta. Maharbi ya tsaya can gefen hanya da madubin hangen nesa, ya zuba wa gonar waken soya ido har magariba, ya lura da kusurwar da barewa ke fitowa da kuma lokacin. Wasu suna ɗaura kyamara a jikin bishiya, mai ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gilma. Jihar Arizona dai ta haramta amfani da ita wajen farauta tun 2022, kuma a ganina ba ta yi laifi ba.

Daga nan sai a shiga da ƙafa, da tsakar rana, sau ɗaya tak. Ana duba sawu, da ɗanyen kashi, da kwantacciyar ciyawa inda suka kwana, da ƙananan itatuwan da maza suka goge wa ɓawo da ƙaho. Maharbin ƙasar Hausa da ya saba bin gada ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda sabon shiga ke ɓata lamarin shi ne yawan komawa. Duk shiga tana barin warin mutum a ciyawa, babban namiji kuwa in ya shaƙa sau biyu sai ya daina fitowa har duhu ya yi, dokar kuma ba ta yarda da harbin dare ba.

Iska ce uwar zancen, don hancin barewa ya fi idonta da kunnenta aiki. Dole iskar ta riƙa busowa daga wajen dabbar zuwa wajen maharbi, a inda yake zaune da kuma a hanyar da zai bi ya isa can. A ƙasa mai tudu akwai ƙarin lissafi: da safe iska na hawa sama yayin da rana ke ɗumama ta, da yamma ta huce ta gangaro kwari, ta tafi da warin mutum. Ranar da iskar ba ta dace ba, gwani yakan haƙura ya zauna gida.

Sai wurin kwanton ɓauna. Yawanci ɗan dandamalin ƙarfe ne ake ɗaurewa a bishiya, sama da ƙasa kamar mita 5 ko 6, tsakanin makwanci da gona, inda dabbar za ta wuce a tazarar mita 20 zuwa 30. Maharbi ya ɗaure kansa da igiyar tsaro, don faɗowa daga bishiya na cikin manyan haɗurran wannan sana'a. Zaman yamma ya fi na safe a wannan lokaci, domin mai sammako yakan ci karo da barewar tana dawowa daga kiwo, ya kore ta da kansa.

Tsarin nan ba ya daɗewa. Da zarar ganyen waken soya ya yi rawaya, bishiyar ok ta fara zubar da 'ya'ya a daji, barewa ta bar gona ke nan. Ta fi son 'ya'yan farar ok, don ba su kai na ja ɗaci ba, maharbi kuma sai ya kwashe kayansa ya bi ta can.

In an dace, gaggawa ta tashi. Satumba akwai sauran zafi, dole a fitar da kayan ciki nan take, a sa naman cikin ƙanƙara. Gida ake kai shi ko a yi kyauta da shi, domin sayar da naman barewar daji laifi ne a dokokin yawancin jihohin Amurka.