Iyon hafir daban, nutson teku daban

Yaron da ya tashi a Basunda ta ƙasar Sudan ya san ruwa daidai gwargwado. Da damina ta cika kwari da hafir, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, sai ya toshe hanci, ya riƙe numfashi, ya nutse. Wannan sabon ne ke iya halaka shi ranar da neman kuɗi ya kai shi Fot Sudan bayan an gama yankan riɗi, wani ya ara masa tukunyar iska ya ce su je Bahar Maliya.

Wurin kam ya isa a yi sha'awarsa. Tsibirin murjani na Sanganeb, mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, ya shiga jerin wuraren gado na UNESCO a 2016. Akwai kunkurun teku, kifin shak da kifaye launi-launi da ke shawagi tsakanin duwatsu. Kusa da tashar jiragen ruwa kuma ga Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar a 1940, har yau da bama-bamai a cikinsa.

Amma me ya sa mutum zai goya tukunya bai taɓa zama gaban mai koyarwa ba? Ganganci ne kawai. A zurfin mita 10, matsin ruwa ninki biyu ne na wanda ke sama. Iskar da mai nutso ya shaƙa a can, in ya taso sai ta kumbura ta ninka. Wanda ya tsorata ya yunƙuro da baki a rufe, kamar yadda ya saba a hafir, huhunsa na iya tsagewa, kumfar iska ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. Ko a ruwan da bai wuce mita biyu ba hakan na faruwa. Don haka numfashi ba ya tsayawa daga shiga har fita. A taso a hankali, a dakata minti uku a mita biyar, kuma kada a shiga ba abokin nutso. Wanda ya fito yana jiri ko gaɓoɓinsa na ciwo, asibiti za a nufa da shi, ba gida ba.

Sai masu cusa hannu a kogon dutse kamar masu lalube a rafi. Kifin dutse yana kwance nan, ba a bambanta shi da dutsen, ƙayar bayansa cike da dafi. In ya soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa kafin a isa ga likita.