Shin Ko Kun San? Oldham, Garin Da Auduga Ta Gina

Shin ko kun san cewa garin Oldham, wanda ke arewa maso gabashin birnin Manchester a Ingila, ya taɓa zama kan gaba a duniya wajen kaɗin zaren auduga, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a noma ta a can?

• A jiragen ruwa audugar ke isowa tashar Liverpool, akasari daga gonakin kudancin Amurka, inda bayi suke nomanta har zuwa shekarun 1860. Kwal ɗin da ake haƙowa a yankin shi ke juya injuna, danshin iskar garin kuma yana hana zare tsinkewa.

• A 1801 mutanen garin wajen dubu 12 ne. Zuwa 1901 sun haura dubu 130, kuma a ganiyar sana'ar masana'antun kaɗi sun fi 300.

• Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yanke, injuna suka tsaya, dubban iyalai suka shiga yunwa. Tsoron dogaro da Amurka kaɗai na daga cikin dalilan kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Manchester a 1902. Ita ce ta riƙa ƙarfafa noman auduga a Arewacin Najeriya, har ta kafa injin gurza a Zariya. Sai dai da jirgin ƙasa ya isa Kano, manoma da yawa suka fi karkata ga gyaɗa saboda ta fi kawo kuɗi.

• Annie Kenney, wadda ta fara aikin masaƙa tun tana yarinya har ta rasa yatsa a inji, 'yar yankin ce. An kama ta a 1905 saboda fafutukar bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

• Winston Churchill ya fara shiga majalisar dokoki ne a 1900 a matsayin wakilin Oldham.

• Bayan yaƙin duniya na biyu, ma'aikata daga Pakistan da Bangladesh suka zo riƙe aikin dare a masana'antun. Jikokinsu na nan, da masallatansu da shagunansu.

• A asibitin garin aka haifi Louise Brown a 1978, jaririya ta farko a duniya da aka haɗa cikinta a ɗakin gwaji.

Zare da yadi masu araha daga Asiya suka durƙusar da sana'ar, aka daina kaɗi a yankin a 1998. Yau wasu gine-ginen sun koma rumbunan kaya da gidajen zama, wasu an rushe su. Garin da ya ɗora rayuwarsa kan sana'a ɗaya, ranar da kasuwar ta juya, kowa a cikinsa yana ji a jikinsa.