Kishin Ƙasa Iri Biyu Ne

A kowace tashar mota za ka gan ta: jakar leda mai zanen ja da shuɗi da fari, an danƙara mata kaya har zif ya ƙi rufuwa, an ɗaure ta da igiya. Gana-mas-go muke ce mata. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa sunan nan umarnin kora ba ne.

A watan Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe kuma yana tafe. Sai gwamnatin Shehu Shagari ta bai wa baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Nijeriya. Kusan mutum miliyan biyu suka fita, rabinsu 'yan Gana. Malaman makaranta, teloli, masu gyaran takalma, kowa ya cusa abin da hannunsa ya kai a irin wannan jaka ya nufi iyakar Seme. Wasu a lokacin sun ce ramuwar gayya ce, domin a watan Nuwamban 1969 firaministan Gana, Kofi Busia, ya yi irin wannan umarni, shi ma da wa'adin mako biyu. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawan da suka daɗe a zangunan Kumasi da Akara suka sayar da shaguna da gidaje a wulaƙance, har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu. A ƙasashen biyu, masu goyon bayan korar kishin ƙasa suka kira abin da suke yi.

A nan ne harshenmu ya haɗe mana abubuwa biyu da suna ɗaya. Turawa suna da kalma dabam ga kowanne, kuma tun 1945 marubucin Ingila George Orwell ya yi ƙoƙarin raba su: ɗaya ƙaunar wuri ce da tsarin rayuwarsa, ba tare da son ɗora shi a kan kowa ba, ɗayan kuwa ƙishirwar iko ce da fifiko ga al'ummar da mutum ya jingina kansa da ita. Mu ma mun san bambancin a cikin gida. Akwai kishin da uwa ke yi wa ɗanta, ta yi masa faɗa don ya gyaru. Akwai kuma kishin kishiya, wanda ba ya rayuwa sai da abokiyar hamayya.

Ba na cewa nau'i na biyu bai taɓa amfani ba. Shi ya haɗa kan jama'a a gaban 'yan mulkin mallaka. Da shi Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe suka kafa jam'iyyar NCNC a 1944, da shi Kwame Nkrumah ya karɓi 'yancin Gana a 1957, da shi Djibo Bakary ya nemi 'yan Nijar su ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Matsalar ita ce, bayan Bature ya tafi, wannan kishi bai kwanta ba. Ya ci gaba da neman wanda zai nuna wa yatsa, kuma baƙon da ke tallan goro ya fi sauƙin kamawa a kan babban da ya wawure baitulmali. Laifi tudu ne. Haka aka gani a Afirka ta Kudu a 2008, inda aka kashe mutum 62 a hare-haren ƙin baƙi.

Nau'i na farko kuwa, ga yadda yake. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani jami'in Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da ciwo, aka kai shi wani asibiti a Obalende. Likita Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce. Ya dage sai ya fita, domin akwai taron ECOWAS da yake son halarta a Kalaba, kuma an matsa wa asibitin lamba a sallame shi. Ta ƙi. Ta san abin da zai faru idan mai wannan cuta ya shiga cunkoson Legas. Cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Bayan wata biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola, da mutuwar mutum 8.

Ba ta ɗaga tuta ba, ba ta zagi wata ƙasa ba, ba ta ce a kori 'yan Laberiya ba. Baƙon ma riƙe shi ta yi a gadon asibiti ana jinyarsa. Ni a ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata mai karatu ya riƙe duk lokacin da ɗan siyasa ya hau mumbari yana kirarin kishin ƙasa: me zai rasa shi kansa, kuma wa yake so a tsana?

Likita Adadevoh tattaɓa-kunnen Herbert Macaulay ce. Dangin mahaifinta kuma asalinsu daga Gana ne.