Ranar da Kalifoniya ta kayar da Faransa a gasar giyar inabi

A ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan kasuwar Ingila, Steven Spurrier, ya tara ƙwararru tara ƴan Faransa a birnin Paris don su ɗanɗana giyar inabi, ja da fara, ta Faransa da ta Kalifoniya. An ɓoye sunayen kwalaben, kowane alƙali ya ba da maki gwargwadon abin da hancinsa da harshensa suka gaya masa.

Da aka haɗa maki, Amurka ce ta zo ta ɗaya a duka ɓangarorin: Chateau Montelena a fara, Stag's Leap a ja. Wata alƙaliya, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Mujallar Time ta baza labarin, kuma daga nan masu saye suka fara gane cewa sunan Faransa kaɗai ba shi ne shaidar inganci ba.