Yadda Za Ka Zaɓi Sabuwar Taga

Ya kai maigida, in tagar ɗakinka ta tsufa, kada ka yi garaje wajen sayen wata. Araha ba ta ado.

Da fari, dubi inda za ta fuskanta. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, ranar la'asar kuwa bangon yamma take duka. Saboda haka tagar kudu da ta arewa sun fi. In suna duban juna, iska ta shiga nan ta fita can, ɗaki ya yi sanyi, ka rage kuɗin lantarkin da fanka ke ci.

Na biyu, dubi abin da aka yi ta da shi. Ƙarfe ya fi katako saurin ɗaukar zafi. Nemi busasshen maɗaci, gama ɗanye yakan karkace, ya bar kafa, ƙurar hunturu ta shiga.

Na uku, sa kafinta ya buga raga. Sauro shi ke kawo zazzaɓi, raga kuwa tana tare shi.

Kafin ka biya, rufe tagar da rana, ka tsaya daga ciki. In ka hangi haske ta gefe, aikin da saura.